Ƙofar Baya ta Pijon Salmanu

Malam Saley mai fenti mutumin Tasawa ne, ɗan unguwar marina. An haife shi a 1955, ko da yake takardarsa 1957 ta ce, kuma shi da bakinsa ya gaya mini takardar ce ta yi ƙarya. Na san shi a Aubervilliers tun 1986. Ni ɗan Damagaram ne, na yi karatu a makarantar mishan, na koyar shekara tara a gida kafin in zo Faransa. Shi ya sa har yau yake kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a gida, alhali rabona da alli ya haura shekara arba'in.

Mahaifinsa marini ne, kakansa ma haka. Ya ce tun bai isa ɗaukar tulu ba, uban yakan yago ƙyalle biyu ya ɗora masa a tafin hannu, ya ce ya nuna wanda ya fi shan baba. In ya canka daidai, ba a ce masa komai. In ya kuskure, sai uban ya kama kunnensa ya juya shi ya ba rana baya, ya ce ya sake dubawa. A haka ya koyi cewa shuɗi ba ɗaya ba ne. Akwai mai hasken sararin hantsi, akwai mai karkata zuwa tsanwa, akwai wanda ya sha rini har mutane ke ce masa baƙi alhali ba baƙi ba ne. Rinin bai riƙe shi ba, don atamfar kanti ta karya kasuwar tun yana saurayi. Ya gangara Maraɗi ya shiga gareji, ya fara da kankare tsatsa. Daga nan ya wuce Yamai, inda wani Bafaranshe mai gyaran jikin mota ya lura da idonsa. Da mutumin zai koma ƙasarsu a 1983, shi ya nema masa takardu.

Na sha zama a benci ina kallonsa yana aiki, don haka zan iya faɗin yadda yake yi daki-daki. Kowace mota tana da lambar fentinta, a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji. Mai fenti ya karanta lambar, ya duba abin da aka rubuta mata, ya auna launuka a sikeli giram-giram, ya haɗa. Ga sabuwar mota wannan ya wadatar. Ga tsohuwa kuwa, Saley yakan ce launin ranar sunanta lambar take ba ka, ita kuwa motar har ta yi jikoki. Rana ta fi cin rufi da murfin inji a kan gefe. Gefen da ya saba kallon titi daban yake da wanda ya saba kallon bango. Ja yana koɗewa ta hanyarsa, shuɗi ta tasa. Wanda ya bi lamba kawai, in ji shi, kallabin amarya ya ɗaura wa kakarsa.

Shi sai ya fara goge wuri kamar faɗin tafin hannu kusa da inda aka ƙuje, har dattin shekaru ya fita, ainihin launin yau ya bayyana. Sannan ya haɗa fentin yadda lamba ta ce, ya shiga abin da yake kira tsufar da shi: ɗigon rawaya, ɗigon baƙi, wani lokaci fari a bakin tsinke. Kowane haɗi sai ya fesa shi a kan ɗan gwangwani kamar girman karta, ya bar shi ya bushe, ya rubuta masa lamba a baya. Bai taɓa yanke hukunci a ƙarƙashin fitilar gareji ba. Tsakanin ƙarfe goma da sha biyu yake fitar da motar farfajiyar baya, ya ba rana baya yadda ubansa ya koya masa, ya manna katin a jikin motar. Ya duba a tsaye, ya duba ta gefe, ya tsuguna ya duba daga ƙasa. Akwai kuma dabara ta ƙarshe da kowane mai fenti ya sani, wadda shi yake kira ɓatar da sawu: in ka gama ƙofar da ta lalace, sai ka bar feshin ya tsallaka kaɗan kan maƙwabciyarta yana raguwa, har ido ya rasa inda sabo ya ƙare, tsoho ya fara.

Yana da wani wasa da aka san shi da shi. Ranar da mai mota ya zo ɗauka, sai Saley ya goya hannu a baya ya ce: "To, nuna mini inda na taɓa." Na ga mutane suna zagaya motar da suka tuƙa shekara ashirin, su rasa. Na ga ranar da ma'aikacin inshora ya zagaya sau biyu, ya nuna gefen da ba a taɓa ba. Da wannan wasa sunansa ya bazu cikin ƴan Nijar daga Lille har Marseille. Da mai garejin, wani ɗan Fotugal mai haƙuri, ya sayo na'urar da ake mannawa a jikin mota ta karanta launi, Saley ya raɗa mata suna makauniya mai lissafi, bai taɓa ɗaukarta ba.

Wajen bazarar 2021 ya fara wata sabuwar ɗabi'a. Lokacin ya rage aiki zuwa kwana uku a mako, ni kuma na daɗe da ajiye nawa, ina zaune a Bobigny. Sai wayata ta yi ƙara wajen ƙarfe tara da rabi, ya taƙaita gaisuwa, ya ce shayi ya nuna, in ban zo ba zai ba ɗan Fotugal. Minti ashirin ne a bas. In na iso sai ya miƙa mini kofi, ya ja ni farfajiya, ya manna kati a jikin wata mota.

"Mushe, ya ka gani?"

Dole in tsaya a kan wannan magana, don a kanta komai ya rataya. A inda muka tashi, in tela ya baje maka riga ko magini ya nuna maka katanga ya ce ya ka gani, ba ra'ayinka yake nema ba. Gaisuwa ce, kuma amsarta sananniya ce: madalla, Allah ya ƙara basira. A makarantar mishan an koya mana mu ja layi da rula, mu gyara kuskure ko na wane ne. Amma kafin nan gida ya riga ya koya mana cewa ba a yi wa mutum gyara a sana'ar ubansa. Don haka kullum amsata ɗaya ce.

"Ai sai kai, Malam."

Sau da yawa ko kallon katin ba na yi. Shayina nake sha.

Yanzu sai motar. Alhaji Salmanu mutumin Tawa ne, ya yi aiki shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Bron, kusa da Lyon, kuma tare suka yi zaman gidan ma'aikata da Saley a farkon zuwansu. Ya rasu a watan Fabrairu na 2022. Ya bar mata, Hajiya Fatsima, da ƴaƴa huɗu, da Pijo 405 shuɗiya da ya saya sabuwa a 1989. A watan Oktoba wata motar kai kaya ta goge ƙofar baya ta hagu a wurin ajiye motoci. Masu gyara sun cika Lyon, amma Hajiya da kanta ta tuƙo motar kilomita ɗari huɗu da sittin zuwa Aubervilliers, don ta ce mijinta bai taɓa bari wani ya taɓa jikinta ba sai Saley.

Sharaɗi ɗaya ta zo da shi. A ƙofar direba, daidai bakin taga, akwai wani wuri kamar tsawon yatsa inda fentin ya suɗe har ya yi fari-fari. Nan Salmanu yake ɗora gwiwar hannunsa in yana tuƙi, shekara talatin da uku. Ta ce ko ɗigon fenti kada ya sauka a wannan ƙofa. Saley ya yi mata bayanin ɓatar da sawu, ya ce kaɗan ne kawai zai tsallaka, nesa da taga. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji, amma a bar mata ƙofar yadda mai ita ya bar ta. Ke nan sabon fenti zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsoho, ba abin da ya raba su sai tsagar da ke tsakanin ƙofofin biyu. Babu aikin da ya fi wannan wuya a sana'ar. Saley ya ce to.

Ya kira ni ranar Alhamis, uku ga Nuwamba. Rana ta fito tas. A al'ada kati uku ko huɗu yake yi, amma ran nan bakwai na gani a hannunsa. Ya manna wannan, ya cire, ya manna wancan, ya matsa baya, ya goge tabarau da gefen riga. Daɗewar da ya yi ita ta sa na ajiye kofi na duba da kyau. Ya tsaya a kan na bakwai.

"Mushe, ya ka gani?"

Na gani. Shuɗin motar ya karkata zuwa toka, irin na tsohon rawani da ya sha wanki. Na katin kuwa ya karkata zuwa tsanwa, kuma ba kaɗan ba. Har na buɗe baki. Sai zuciyata ta ce wataƙila in an fesa man sheƙi a kai zai sauya, wataƙila akwai abin da masu sana'a suka sani wanda ban sani ba, kuma wane ni in koya wa ɗan marini shuɗi. Na ba shi amsar da na saba.

Bai janye katin nan da nan ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka tabbata?"

Na ɗauka zolaya ce. Na yi dariya na ce in bai yarda da idonsa ba, ya kira makauniya mai lissafi. Shi ma ya yi ƴar dariya, ya shiga ciki ya haɗa na bakwai.

Bayan kwana takwas Hajiya ta zo ta jirgin ƙasa. Ina wurin aka fito da motar farfajiya. Saley bai yi mata wasan ba, saboda mutuncin rasuwa. Ta tsaya ta kalli gefen hagu, ta daɗe. Ta miƙa hannu ta shafa wurin gwiwar hannun nan, ta ga ba a taɓa shi ba. Sai ta juyo ta yi godiya mai tsawo, ta yi wa iyayensa addu'a, ta shiga ta tayar. Na bi motar da kallo har ta karya kwana. Ƙofar tana zaune a jikinta kamar maho a tsohuwar riga. Na ce wa Saley ina da uzuri a Bobigny, na bar shayina a benci.

Wata uku na yi da abin a raina. Na ci gaba da zuwa shan shayi, na ci gaba da ba da amsata, don ban san yadda zan sauya ta ba tare da tono ta baya ba.

Ranar Lahadi, sha tara ga Fabrairun 2023, aka yi sadakar cikar Salmanu shekara. Tare muka hau jirgin safe zuwa Lyon, muka ɗauki tram, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Bron. Saley ya sa sabuwar shadda. Bayan an sauke karatu an ci abinci, maza suka sauko ƙasan bene shan iska, mu wajen goma sha biyar, dattawa da ɗaliban jami'a. Sanyi ake yi, amma sama garau take, kuma Pijon tana nan a gaban ginin, gefenta na hagu yana kallon rana. Na yi ƙoƙarin jan Saley da hira zuwa wancan ɓangaren. Ya riga ya hange ta. Ya nufe ta, ya goya hannu a baya, ya dubi samarin.

"Ku masu digiri, ga jarrabawa. Na yi wa motar nan aiki wata uku da suka wuce. Ku nuna mini inda na taɓa."

Ba wanda bai ga ƙofar ba. Amma duk ƴan gida ne, ko da sun yi shekaru a Turai. Wani mai karatun dakta, ɗan Maraɗi, ya zagaya motar a hankali, ya nuna murfin but. Saley ya yi dariya ya ce ya koma aji ɗaya. Wani ya nuna gefen dama. Wani dattijo ya ce shi idonsa bai kai nan ba, aikin Malam ai sai kallo. Kowa yana magana yana duban takalminsa. Saley kuwa sai ƙara faɗaɗa yake, yana tsokanarsu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa gwamnati ta yi asarar kuɗin karatu.

Ana cikin haka Zakiyya ta sauko da buhun goron sadaka. Ita ce autar Salmanu, a Bron aka haife ta, tana karatun haɗa magunguna, kuma Hausarta ta kicin ce, wadda ta koya a bakin uwarta. Ta ji tambayar. A wurinta tambaya tambaya ce.

"Wannan ce mana, Tonton, ta baya. Ai tun daga tashar tram ake ganinta. Maman ce ta hana mu magana."

Saley ya fara dariya, ya waiga don a taya shi. Ba wanda ya taya shi. Ya bi fuskokin da kallo, ya zo kan tawa, na sunkuyar da kai. Sai ya matsa kusa da motar. Ya ba rana baya, ya duba a tsaye, ya duba ta gefe, ya tattara sabuwar shaddarsa ya tsuguna a kan kwalta. Muna tsaye muna kallonsa yana neman abin da kowa ke gani, shi kaɗai bai gani ba. Daga tsugunen, cikin ƙaramar murya, ya tambayi yarinyar ko haske ta yi ko duhu. Sai a lokacin ta gane ba wasa ba ne. Ta ce ba haske ba ne, ba duhu ba, ta yi vert ne, ta juya tana neman kalmar. Wani ya ce mata tsanwa, a hankali, kamar mai sanar da rasuwa.

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Ya yi sallama da kowa hannu da hannu, bai tsallake ko ɗaya ba. Bai iya hawa bene ya yi wa Hajiya ban kwana ba, ni ya aika.

A jirgin ƙarfe biyar muka juyo, har muka wuce Mâcon. Yana kallon taga ya yi magana.

"Kai ma ka gani ran nan?"

"Na gani."

"Na tambaye ka sau biyu, Mushe."

"Na ɗauka gaisuwa ce."

Ya juyo daga taga. Sannan ya ba ni labarin da bai ba kowa ba. Ya ce shekara biyu ke nan da ya lura farin bangon ɗakinsa ya koma kamar kunu. Matarsa Hawwa ta sayo zane shuɗi, ya yaba mata da ruwan toka, ta ɗauka tsokana ce. Ja da rawaya bai rasa su ba, amma shuɗi da tsanwa sun fara shige masa cikin juna. Bai iya gaya wa mai gareji ba, bai iya gaya wa Hawwa ba, bai iya ɗaukar na'urar da ya yi shekara shida yana yi wa ba'a ba. Sai ya yanke shawarar aron ido ba tare da mai idon ya sani ba.

"Kai na zaɓa," in ji shi, "don kai ne kake tsayar da taron ƙungiyar ƴan Nijar saboda waƙafi ɗaya. Na ce wannan mutum ba zai bar kuskure ya wuce ta gabansa ba."

Na ce da ya gaya mini gaskiya, da na duba masa kowane kati da zuciya ɗaya. Ya ce da yana iya gaya mini, ai da likita ya gaya wa. Daga nan ya shiga lissafi da yatsu, leɓɓansa suna motsi. Na tambaye shi me yake ƙirgawa. Ya ce motoci masu shuɗi da tsanwa da suka fita daga hannunsa a shekara biyun nan. Goma sha ɗaya ya samu, kuma bakwai na ƴan gida ne. Ya ce ke nan akwai gidaje bakwai da ake kallon mota ana cewa a yi wa tsoho shiru.

Washegari Zakiyya ta kira shi. Uwarta ta yi mata faɗa sosai, ta kira ne ta ba da haƙuri. Ya ce mata ita kaɗai ce ba ta yi masa laifi ba a wurin nan. Ganin bai yi fushi ba, sai ta shiga yi masa tambayoyi irin na masu karatunta: ko fitilar mota tana kashe masa ido, ko ya sauya tabarau bai ga amfani ba. Ta ce ita ba likitar ido ba ce, amma abin ya yi kama da yanar ido, kuma aikin minti ashirin ne. Ita ta nemo masa ranar ganin likita.

Yanar ce kuwa, a ido biyu. An yi masa na dama a watan Afrilu, ni na raka shi. Kwana biyu bayan nan muka zauna a benci a bakin hanyar ruwan Aubervilliers, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ya ce da tsohon idon sama kamar ruwan tsamiya take. Da sabon kuwa, irin shuɗin tsomi na farko ne a karofin ubansa, wanda ya ɗauka Faransa ce ba ta da shi. Na zaci zai yi murna. Ya tashi ya ce in raka shi gareji. Ya jawo akwatin da yake ajiye tsofaffin katuna, ya tono na bakwai, ya fita da shi rana. Bai buƙaci motar ba. Ya kalle shi kamar minti ɗaya, ya ce ko yana ɗan shekara bakwai da ya sha jan kunne a kan wannan.

Da kansa ya je ya gaya wa ɗan Fotugal komai. Mutumin ya ce kada ya damu, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi. Saley ya ce mini wannan amsar ta fi maganar Zakiyya zafi.

A watan Yuni, bayan ido na biyu ya warke, muka koma Bron. Wannan karon ya hau benen. Hajiya ba ta girme shi da kome ba, ƙanwarsa ce a shekaru, amma ya ƙi kujera, ya durƙusa a bakin kafet ya ce ya zo roƙon a ba shi ƙofar ya sake. Ta ce ya tashi don Allah. Ta ce tun a farfajiyar gareji ta gani, amma ta tuna aminin mijinta ne, ya yi kwana takwas a kan aikin, sai bakinta ya yi nauyi. Duk safiya in ta leƙa ta taga sai ta ji kamar ta ci amanar Salmanu, ta kuma ji ba za ta iya ɗaga waya ba.

"Mu uku muka ɓata ƙofar nan, Malam," in ji ta, ta dube ni. "Kai dai ka fesa ne kawai."

Wani ɗan Agadas mai gareji a unguwar ya ara masa ɗakin feshi. Kwana biyu ya yi yana haɗi. A rana ta uku, ƙarfe goma, muka tsaya a gaban ginin, ni da shi da Zakiyya, Hajiya tana kallo daga taga. Ya goge wuri kamar tafin hannu a ƙasan ƙofar direba, nesa da wurin gwiwar hannun, ya manna kati.

"Mushe, wannan tambaya ce, ba gaisuwa ba. Ya ka gani?"

Na ba rana baya. Na duba a tsaye, na duba ta gefe, na dafa motar na tsuguna duk da ciwon gwiwa. Katin ya yi kusa ƙwarai, amma ya ɗan fi motar duhu. Shekarata saba'in da shida, kuma ban taɓa jin harshena ya yi nauyi irin na wannan lokaci ba.

"Bai yi ba. Ya yi duhu kaɗan."

"Ashe kana da baki," in ji shi. "Da gangan na ƙara masa baƙi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani. Da ya manna shi, sai da na nemi yatsansa kafin in gane inda katin yake.

Ya fesa ƙofar ranar Laraba, ko ɗigo bai sauka a ta direba ba. Ranar Juma'a aka mai da motar wurinta. Bai goya hannu a baya ba, bai ce a nuna masa komai ba. Zakiyya ya roƙa ta taka har tashar tram, ta dawo a ƙasa tana kallon gefen hagu. Ta tafi, muka tsaya muna jira. Ta dawo a hankali, ta tsaya a tsakiyar hanya, ta sake tahowa. Da ta iso ta ce da ba ta san wace ƙofa ba ce, da ba za ta iya nunawa ba. Ya ce alhamdulillahi, ya shiga tattara kayansa.

Har yanzu yana aiki kwana biyu a mako. Katin nan na bakwai ya kafe shi da ƙusa a saman sikelinsa, kuma yanzu yakan manna makauniya mai lissafi a jikin mota kafin ya fara, ko da yake ya ce shawara kawai yake nema. Wasan nan bai sake yinsa ba. Cikin motoci goman da suka rage ya samo huɗu ya gyara. Biyu masu su sun rantse masa ba su ga komai ba, ya kuwa san rantsuwar ta kunya ce. Sauran an sayar, ko sun tsallaka teku zuwa Kwatano. In muna tafe a titi muka hango tsohuwar mota shuɗiya tana tahowa, sai ya katse maganarsa ya dubi ƙasa har ta wuce. Ni ma ƙasan nake duba.